Ruwan da Ke Bin Tabarmar Kaka

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kaka ya koma ranar wata Talata da hantsi, ina can Rogo a gaban allo ina fama da ɗalibaina. Kafin in samu mota in iso Karaye an riga an kai shi makwancinsa. Abin da na tarar a gidanmu na Unguwar Hajji takalma ne jibge a ƙofar zaure, da ƙamshin turarensa yana ta yawo a tsakar gida, bai san mai shi ya tafi ba.

Mahaifin mahaifina ne, kuma limamin ƙaramin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Kowa da irin Kakan da ya zo yi wa kuka. Wata tsohuwa daga Kurugu ta ce shi ya raɗa wa 'ya'yanta duka suna, bai taɓa yarda an kai masa ko ƙafar rago ba. Wani tela ya ce sau biyu yana sakin matarsa da baki, sau biyu Kaka yana zaunar da shi har zuciyarsa ta sauko. Gwaggo, 'yarsa da ta yi jinyarsa, ba ta yi kuka ba. Rawaninsa ta riƙe, ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa, ana ce mata "Ya haƙuri?" tana cewa "Da godiya" ba tare da ta ɗago ba.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Ladan, amininsa tun ƙuruciya, wanda ya yi ta kiran salla Kaka yana ja har gemunsu ya yi fari tare. Ya shigo yi wa mata gaisuwa, sai ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Kaka ya kasa tashi.

"Ya tafi bai gaya mini ba," in ji shi. "Mako shidan nan na bara waccan, ku da kuke cikin gida, ya taɓa cewa ya yafe mini?"

Gwaggo ta ce, "Haba Baba Ladan, ai ya wuce. Ba ga shi kun ci gaba da zamanku ba?"

"Mun ci gaba da zama. Amma bai faɗa ba."

Duk wanda ke wurin ya san makonnin da yake nufi, lokacin da Kaka ya bar gaban sahu ba tare da ya ce uffan ba. Dalilin ne babu wanda ya sani sai ni, ni kuwa an ɗaure mini baki da alkawari. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙafafun tsohon, sun kumbura.

Bari in faɗi wane ne Kaka tukuna, don kada a manta.

Dogo ne, siriri, mai tafiya kamar ba ya son ƙasa ta ji zafi. Hancinsa ya daina jin wari da ƙamshi tun wata doguwar mura da ya yi, shi ya sa idan zai shafa turare sai ya yi ta zubawa yana jiran ya ji, ba ya ji, mu kuwa muna atishawa. Idonsa ma ya yi rauni, amma Alƙur'ani na cikin kansa, bai damu ba. Idan an kawo masa ƙara ba ya katse mutum. Sai an gama ya ce, "To, ruwa dai ba ya tsami banza," ya fara tono daga tushe. Yana da taurin kai irin na masu sanyin murya, wanda ba a gane shi sai an yi karo da shi.

Ni ce jikarsa ta fari, don haka ni ce "amarya". Ni kuma in ce masa "angon da ba ya cefane". Abin da 'ya'yansa ba za su iya furtawa a gabansa ba saboda kunya, ni sai in faɗa ina dariya, ya ɗaga sanda ya ce zai sake ni. Ya sake ni ya fi sau ɗari, bai taɓa bari na kai ƙofar zaure ba.

Firjin kuwa Baffa ne, babban ɗansa, ya kawo masa daga Kano. Aka ce a kai shi ɗakin Gwaggo, Kaka ya ce atafau, baƙo ɗakin mai gida yake sauka. Abu huɗu ne a ciki kullum: dabino, kwalbar zuma, furar da Gwaggo ke dama masa, da gorar ruwa. Amma ina jin ba don sanyin yake son sa ba, don gurnaninsa ne. Ya ce firjin zikiri yake yi, kuma ya fi mutane da yawa dagewa. Bayan azahar sai ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa a kan siminti kusa da shi, ya yi matashi da hannu, ya yi ƙailula. Ina tuna ɗakin a irin wannan lokaci kamar abin da na gani a mafarki: haske na shigowa ta ƙofar taga ɗaya, kurciya na kuka a kan darbejiya, tsoho da firji suna numfashi tare.

Rigimar ta faro ne daga 'yan kasuwa. Sun yi ta gunaguni cewa Liman na tsawaita salla, ranar kasuwa ma sai mutum ya fito ya tarar mai ciniki ya gaji ya tafi. Babu wanda ya iya tunkarar Kaka, sai suka ɗora wa Ladan. Shi kuma ya same shi a zaure ya ce, "Malam, jama'a na roƙon a ɗan sassauta."

Bayan kwana uku, da aka tayar da iƙamar la'asar, Kaka ya ƙi wucewa gaba. Ya tsaya a cikin sahu, ya dafa kafaɗar Ladan ya ce, "Bismillah."

"Ni? A'a Malam, ba zan iya ba."

"Kai ka ce na tsawaita. Ga wuri nan, shiga ka gajarta."

Ladan ya kafe, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai ja salla ba. Aka yi cirko-cirko, har wani malamin makaranta ya wuce gaba. Haka aka yi ta yi. Dattawa suka zo ba da haƙuri, 'yan kasuwar suka zo da kansu suka durƙusa, Kaka ya ce shi ba ya fushi da kowa, kuma bai koma ba. Shi da Ladan suka ci gaba da tsayuwa kafaɗa da kafaɗa a sahun farko, in an sallame kowa ya nemi takalminsa. Unguwa ta yanke hukunci cewa Ladan ya yi wa amininsa rashin ladabi. Kaka ya ji ana faɗa, ya bari. Wannan laifinsa ne, kuma son da nake yi masa ba zai sa in ɓoye ba.

A mako na shida na zo daga Rogo ranar wata Asabar. Damina ta kankama, masara ta rufe hanya dama da hagu, na iso da raha a bakina. Gwaggo ta tare ni tun a tsakar gida.

"Kakanki ya canza," ta ce da ni a hankali. "Ya hana a share masa ɗaki. Ya hana a wanke masa kaya, da kansa yake yi a bayan ɗaki. Ruwa ma sai ya wuni bai kurɓa ba, furar nan haka nake fito da ita."

"Kin tambaye shi?"

"Ni? Da wane bakin?"

Na same shi a zaune bayan azahar, leɓɓansa sun bushe sun tsattsage, wuyansa ya ƙara tsawo. Na ce, "Ango, wa ya ƙwace maka limanci ban ji labari ba? Ni fa matar liman na aura, ba matar mai bin sahu ba."

Bai ɗaga sanda ba. Ya ce in tura ƙofa. Ya daɗe yana murza carbi kafin ya ce, "Amarya, tulun ya tsage."

Ban gane ba sai da ya kawar da kai. Ya ce tun makonni shida, in ya farka daga ƙailula sai ya ji gefen wandonsa da tabarma a jiƙe. Ba kullum ba, wata rana a bushe, wata rana sharkaf. Ba ya jin fitowarsa, hancinsa kuma ba ya gaya masa komai. Ya ce mai irin wannan lalura sallarsa ta yi, amma bai kamata ya tsaya gaban masu lafiya ba, shi kuwa ba zai ɗauki sallar mutane a wuyansa yana shakkar tsarkinsa ba.

"Ki nemo mini magani a can wajenku, inda ba a san ni ba," in ji shi. "Kada ubanki ya ji. Kada Gwaggonki ta ji."

Na ce to. Wasa ya ƙare mini ƙaf. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi, mutumin da ya yi wa rabin unguwa wankan gawa da hannunsa yana ɓuya a bayan ɗaki da sabulu.

Ya kwanta, ya juya wa firjin baya kamar kullum. Ni kuma na kasa fita. Na jingina da bango ina yi masa fifita har barci ya ɗauke shi. Can sai aka ɗauke wuta, gurnanin ya tsaya, ɗakin ya yi tsit. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Zafi ya sauko, idona ya yi nauyi, ina jin kurciya kamar daga wani gari. Tsakanin barci da farke na fara jin ɗis, ɗis, a cikin firjin. Sai na ga wani abu na ƙyalli a ƙasan ƙofarsa. Ɗigo ne, ya kumbura, ya faɗo. Wani ya biyo shi. Suka haɗu suka zama siririn ruwa kamar zare, ya kama hanya a kan siminti ba gaggawa, ya kauce wa ƙafar kujera, ya bi gangaren da magini ya bari a daɓen, kai tsaye zuwa tabarmar Kaka. Na zuba masa ido har ya shige ƙarƙashinta, daidai ƙugunsa. Na ɗauka mafarki nake yi, sai da na sa yatsa na ji sanyi.

Na girgiza shi. "Ango! Tashi ka ga fitsarinka, ga shi can yana fitowa daga firji!"

Ya tashi a firgice. Na kama hannunsa na ɗora a kan ruwan. Da rarrafe ya bi shi, yana shafawa da yatsu, tun daga tabarma har ƙofar firjin. Ya tsaya a nan a durƙushe, tafinsa a kan jiƙaƙƙen siminti, yana cewa "Alhamdu lillahi" hawaye na bin gemunsa. Abin da ya fara nema ruwan sha ne. Kofi biyu ya shanye a jere.

Na kira mai gyaran firjin da ke duba mana namu a Rogo, na sa wayar a amsa-kuwwa don Kaka ya ji da kunnensa.

"Malama, ta gaba yake zuba ko ta baya?"

"Ta gaba, ta ƙasan ƙofa."

"To fara zare shi daga soket, ko da babu wuta. Masu wutar nan ba sa sallama. Robar ƙofar na kamawa? Sa takarda ki rufe, ki ja."

Na ja, takarda ta ƙi fitowa. Ya ce roba lafiya lau. Ya sa na zaro akwatin ƙasa, na tarar ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa, ya yi yauƙi, launinsa ya ɗan ja saboda abin da ya ɗiga na zuma da fura.

"Magudana ce ta toshe," in ji shi. "Duba bangon baya daga ciki, can ƙasa. Akwai 'yar kwata, da rami a tsakiyarta kamar hancin buta. Duk ƙanƙarar da ta narke ta nan take bi, ta sauka a wani faranti a kan injin baya, zafin injin ya shanye ta. In ramin ya toshe, dole ruwa ya nemi ƙofa. An ɗauke wuta kuwa narkewar ta fi yawa. Kada ki sa ƙusa ko wuƙa. Tsinken tsintsiya ya isa, a hankali, sannan ki bi da ruwan ɗumi a sirinji har ki ji ya sauka."

Na leƙa, na ga ramin. Tun kafin in zura tsinken na san abin da zan ciro. Da ƙaramar salla na zo na tarar kiyashi sun yi layi a kan kwalbar zumarsa. Na bi su na ga kamar ta wannan rami suke shigowa. Mu kuwa a gidanmu an koya mana duk abin da ke riƙe sanyi ba a barinsa da huda, randa ma in ta yi ƙofa liƙewa ake yi. Na yagi auduga na cusa, na danna da kyau, har ina yaba wa kaina tsafta.

Ta fito baƙa ƙirin, ta dunƙule kamar ƙwallon magarya. Kaka ya karɓa ya kai ta dab da idonsa.

"Wannan fa? Wa ya sa?"

Da na so, da na ce datti ne. Na ce, "Ni ce, Kaka." Ban taɓa kiransa Kaka a gabansa ba sai ranar.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti.

"Ashe amarya ce ta yi mini juyin mulki," in ji shi. "Da auduga!"

Gwaggo ta ɗumama mana ruwa ba tare da ta san na mene ne ba. Na samo sirinji a cikin kayan maganinsa, na yi ta turawa. Na farko ya dawo, na biyu ya dawo da guntun ɓawon dabino. A na uku muka ji ƙululu, sannan ɗis, ɗis, a farantin baya. Kaka ya kara kunnensa a jikin firjin yana saurare kamar mai jin karatu.

"Kin ji?" ya ce. "Abin da aka hana shi hanyarsa, sai ya ɓullo ta inda zai kunyata mutum."

Na ce, "Tunda ka san haka, tashi ka je ka gaya wa Baba Ladan. Mako shida ana zaginsa a kanka."

Nan taurin kan ya motsa. Ya ce a bar kaza cikin gashinta. Gara a ce Liman ya yi fushi ya huce, da a ce Liman ya zaci yana jiƙa tabarma. Na ce wannan ba adalci ba ne. Ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma dole in yi masa alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. Muka yi ta ja, na ji haushinsa sosai, amma wadda ta cusa auduga ba ta da bakin yi wa kowa wa'azi. Na yi alkawarin.

Da magariba ya yi wanka, ya juye kusan rabin kwalbar turare, ya fita. Daga tsakar gida muka ji muryarsa a lasifika. Gwaggo ta saki muciya ta zauna a ƙasa. Doguwar sura ya ɗauko, kuma na rantse da gayya ya yi.

Ya ci gaba da jan salla har makon da ya kwanta. Shi da Ladan suka koma zamansu na zaure, suna raba goro, amma maganar ba ta taɓa tasowa ba. Duk zuwana sai na zuba wa ramin ruwan ɗumi, shi kuma ya ce, "A binciki jakar amarya, kada a bar ta da auduga."

Ranar sadakar uku, muna kwashe kayansa, na buɗe gwangwanin da yake ajiye turare. Audugar nan tana ciki, ta bushe ta ƙanƙance, ta sha ƙamshi. Na daɗe riƙe da ita. Alkawari na yi wa wanda ya tafi, ga kuma mai rai a waje yana tambayar kowa ko an yafe masa. Na ce a raina, Ango ka yi haƙuri, dama amaryarka ba ta taɓa jin maganarka ba.

Na aika aka kira Baba Ladan bayan azahar. Ya zauna a kan tabarmar Kaka, babu wuta, ɗakin shiru. Na ɗora masa audugar a tafin hannu, na ba shi labari tun daga kiyashi har sirinji. Na ce, "Bai taɓa yin fushi da kai ba, Baba. Babu abin yafewa. Kunya ce ta sa ya fake da maganarka."

Ya juya ta da yatsa. "Auduga," in ji shi. Ya fara dariya, dariyar ta rikiɗe, ya rufe fuska da hannun riga. Da ya samu numfashi sai ya ce, "'Yar nan, kin san abin da ya sa na ƙi wucewa gaba ranar da ya tura ni?"

Na ce a'a.

"Ni ne mai lalurar. Tawa ta gaske ce, ta fi shekara huɗu. Ko iyalina ban gaya wa ba." Ya goge ido. "Mako shida kafaɗata na gugar tasa a sahu, abu ɗaya muke ɓoye wa juna. Da ya buɗe baki, da na ce masa, Malam, ba haka take zuwa ba, je ka duba ɗakinka."

Na ce zan rubuta labarin Kaka, amma zan cire nasa. Ya ce in haɗa har da shi, ko wani tsoho ya ji ya buɗe baki tun amininsa na da rai.

Ya jefa audugar a aljihun gaba, ya dafa firjin ya miƙe, ya ce lokacin la'asar ya yi. Ina zaune a wurin na ji ya ɗaga murya, tana rawa, amma ta kai ƙarshe.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa taurin kansa, ya yafe mini audugata. Allah ya shayar da shi ruwan da babu ƙishi bayansa, ya sanyaya masa makwanci fiye da simintin da yake so. Ya ba Baba Ladan lafiya, in tasa ta zo ya tsayar da su a sahu ɗaya. Amin.